Durɓi ta Kusheyi: Tuddan kaburburan da suka girmi rubutaccen tarihin Katsina

A tsakanin Daura da Katsina, cikin ƙasar Mani, akwai wasu tuddai da baƙo zai iya wucewa ta gabansu bai waiwaya ba, domin a ido ba su da wani bambanci da sauran tuddan karkara. Mutanen wurin kuwa sun san hannu ne ya tara su. Kaburbura ne na wasu manyan mutane da aka binne shekara 500 zuwa 700 da suka wuce, aka yi ta tsiba musu ƙasa a kai har ta zama tudu. Sunan wurin Durɓi ta Kusheyi. Yana da nisan kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, an ƙirga aƙalla tudu 8 a cikinsa, kuma tun shekarar 1959 yake cikin jerin wuraren tarihi da dokar Najeriya ta ba su kariya.

Ga mutumin Mai'adua ko Zango ko Sandamu ko cikin garin Daura, wannan shi ne sanannen wuri irinsa mafi kusa da gida, kuma labarinsa ya ratso ta Daura kafin ya isa Katsina. Duk da haka da yawa daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zirga-zirga tsakanin biranen biyu ba su taɓa jin abin da aka tono a wurin ba, balle su san akwai dokar da ta shafe su idan wata rana irin waɗannan kayan suka faɗo hannunsu.

Sunan da ma'anarsa

Kushewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin kabari, jam'inta kusheyi. Kalmar kabari daga Larabci ta shigo ta danne ta, ko da yake har yanzu ana jin ta a bakin dattawa, musamman wajen yi wa mamaci addu'a. Takardun Turawa sun haɗe kalmomin suna rubuta Durbi Takusheyi, sai ka ce Takusheyi sunan wani mutum ne, haka kuma sunan ya zauna a takardun hukuma har yau. A Hausance dai kalmomi uku ne, ginin su ɗaya da na Kano ta Dabo: garin Durɓi, mai kusheyi.

Ita kuwa kalmar Durɓi ba ta mutu ba. Durɓawa su ne zuriyar da tarihin baka ya ce ta fara riƙe ƙasar Katsina, kuma sarautar Durɓi tana nan a majalisar Sarkin Katsina. Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani, yana kuma cikin masu zaɓen sarki.

Abin da tarihin baka ya ce

Kowane ɗan Daura ya san labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu da auren Daurama, da ɗansu Bawo wanda 'ya'yansa suka watsu suka kafa sarautu a ƙasar Hausa. A wannan jeri Bagauda ne ya sami Kano, Kumayau kuma ya sami Katsina. Katsinawa suka ɗora daga nan, suka ce mazaunin Kumayau ba birnin da muka sani yanzu ba ne, a Durɓi ta Kusheyi ya zauna, kuma bayansa aka yi su Ramba-Ramba da Bataretare, har aka zo kan Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa.

Ƙarshen Sanau shi ne labarin da aka fi bayarwa. An ce wani ɗan kokawa mai suna Korau, mutumin 'Yandoto, ya sami asirin layar Sanau ta hannun matar sarkin, ya kayar da shi a kokawa, ya kashe shi, ya hau gadon. Wannan Korau shi ne Muhammadu Korau da ake ɗauka sarkin Katsina na farko Musulmi, kuma masana suna sanya zamaninsa a tsakiyar ƙarni na 15 zuwa ƙarshensa. Daga lokacinsa ne cibiyar mulki ta tabbata a birnin Katsina na yanzu.

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981, bai ɗauki labarin Bayajidda a matsayin tarihi tsantsa ba. Shi a wurinsa asalin daular yana cikin bunƙasar garuruwa da sana'o'i da fatauci da wuraren bautar da suka haɗa kan jama'a, kuma Durɓi ta Kusheyi na cikin manyan cibiyoyin da ya duba. Ko mutum ya bi ra'ayinsa ko ya tsaya kan abin da kakanni suka faɗa, abu ɗaya ya kamata a riƙe: sunayen sarakunan daga baka suka zo. Ƙasa ba ta fito da wani rubutu da ya ce wannan tudun na Kumayau ne, wancan na Sanau ba. Abin da ta fito da shi wani abu ne daban, kuma ta wata fuskar ya fi suna nauyi.

Tono na farko, 1907

Wanda ya fara sa a tona tuddan shi ne Herbert Richmond Palmer, jami'in mulkin mallaka a Katsina, wanda daga baya ya zama Laftanar Gwamnan Arewa, kuma shi ne ya fassara tarihin sarakunan Kano zuwa Turanci. Ya yi aikin a 1907 da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda bai daɗe da hawa gado ba. Akwai abin lura a nan: kafin Turawa su naɗa shi sarki a ƙarshen 1906, Dikko shi ne Durɓin Katsina, sarautar da mahaifinsa Gidado ya riƙe. Wato mutumin da ya ba da hannu aka buɗe kusheyin ya taɓa ɗaukar sunan sarautar masu wurin a kansa.

An tona, an sami kayayyaki, sannan kayan suka ɓace. Abin da ya rage daga wannan aiki ɗan taƙaitaccen bayani ne kawai. Babu cikakken zanen yadda gawa ta kwanta, babu lissafin abin da aka samu a kowane zurfi, babu kayan da wani masani zai sake dubawa da na'urorin zamani. Tonon kabari irin wannan sau ɗaya ake yin sa, domin mai tono yana rusa abin da yake karantawa ne yayin da yake karanta shi. Idan bai rubuta ba, ko ya rubuta rabi, shi ke nan an yi asarar da ba ta da mayarwa. A wancan zamanin haka aka saba yi a wurare da dama, ba a Katsina kaɗai ba, amma hakan bai rage girman asarar ba.

Tono na biyu, 1992

Sai bayan shekara 85 aka sake komawa. A 1992 wani shirin bincike na Jamusawa ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ya tona tudu 3, waɗanda masu binciken suka ba lamba 4 da 5 da 7. A wannan karon an bi wata dabara da ta ceci aikin. Maimakon a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya a cikin rana da ƙura, sai aka yanko ƙasar da ke riƙe da su dunƙule-dunƙule, aka ɗauke ta yadda take, aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye.

Dunƙulen suka zauna a ajiye shekara 15. A 2007 ne Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NCMM, ta shiga yarjejeniya da babban gidan binciken kayan tarihi na birnin Mainz a Jamus, aka kai su can, ƙwararru suka buɗe su a hankali cikin ɗakin bincike, suka tsabtace kayan suka gyara. An baje kolinsu a Mainz a 2011, Farfesa Detlef Gronenborn da abokan aikinsa Jamusawa da 'yan Najeriya suka wallafa sakamakon a 2012, daga baya kuma aka dawo da kayan gida. A 2019 hukumar ta ba da aron wasunsu ga wani baje koli kan fataucin zinariya ta hamadar Sahara da aka buɗe a Jami'ar Northwestern kusa da Chicago a Amurka, inda kayan adon zinariya na Durɓi ta Kusheyi suka zauna gefe da gefe da na Mali da Maroko.

Abin da aka samu

A tsakiyar kowane tudu gawa ɗaya aka tarar, tare da kayan da aka raka ta da su. Akwai na ƙarfe da tagulla, akwai duwatsun ado na gilashi da na dutse, akwai hauren giwa, akwai wuri. A tudu na 7 an sami 'yan kunne da zobe da abin wuya na zinariya. Abin da ya fi ba masana mamaki ma shi ne ragowar tufafi da itace da fata, waɗanda a ƙasa irin tamu mai gara da damina da zafi ba kasafai suke kai shekaru masu yawa haka ba.

Waɗannan ruɓaɓɓun tarkace, waɗanda ɓarawon kabari zai watsar da ƙafa yana neman zinariya, su ne ke faɗin shekaru. Duk abu mai rai, tsiro ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke fara raguwa daga ranar da ya mutu, rabinsa yana ƙarewa a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura a ƙashi ko itace ko fata, sai a ƙiyasta lokacin mutuwar. Da wannan awo aka sanya ɗaya daga cikin kaburburan a farkon ƙarni na 14. Wani kabarin kuma salon ƙirar kayan da ke cikinsa ne ya nuna ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16. Ke nan an yi wajen shekara 200 ana binne manya a wurin.

Cikin kayan akwai wata tasa ta ƙarfe da masana suka danganta ƙirarta da Gabas ta Tsakiya. A wancan lokacin daular Mamluk ce ke mulkin Masar da Sham, daga 1250 zuwa 1517, kuma maƙeran tagullar Alƙahira da Dimashƙa sun yi suna a duniya. Tasar da ta baro can ta ƙare a kabari a ƙasar Mani ta bi hannun fatake da yawa da bayan raƙuma da yawa. Ba ita kaɗai ce shaidar wannan hanya ba. Mansa Musa na Mali ya ratsa Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta Hajji, wato kusan zamanin kabarin farko. A ƙarshen ƙarni na 15 kuma Shehu Jalaluddin al-Suyuɗi na Masar ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ciki har da Ibrahim Sarkin Katsina, Shehu al-Maghili kuma ya zo Kano da Katsina da ƙafarsa. Takardu sun riga sun gaya mana malamai da wasiƙu sun bi hanyar. Kaburburan suka ƙara da cewa kayan masarufi na masu hali ma sun bi ta, har sun shiga gidajen da ba su bar al'adar kakanni ba.

Maganar wuri ma tana da daɗin bibiya. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ga shi kuma an same shi a Durɓi ta Kusheyi, cikin kaburburan da suka girmi Sharefa da ɗaruruwan shekaru. Maganganun biyu ba su ci karo ba idan aka fahimci cewa marubucin Kano yana maganar wuri a matsayin kuɗin kasuwa ne. Kafin ya zama kuɗin da ake ƙirgawa a zube a tabarma, ya daɗe yana zama abin ado mai tsada, domin daga teku yake zuwa, kuma irin wanda aka fi ciniki da shi a Afirka ta Yamma daga tekun Indiya ake kawo shi.

Musulmi da likkafani kaɗai ake binne shi, ba a raka shi da zinariya ko tasa. Saboda haka yadda aka binne waɗannan mutane ya nuna ko dai ba su karɓi Musulunci ba, ko kuma suna cikin wancan dogon zamani da sabon addini da tsohuwar al'ada suka zauna tare a fadodin ƙasar Hausa. Irin wannan binnewa ba baƙuwa ba ce a yankin. Al-Bakri, malamin Andalus da ya yi rubutu a 1068, ya bayyana yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a gina masa rumfar itace, a sa shi ciki da kayan adonsa da makamansa da ƙoren abincinsa da wasu daga barorinsa, a rufe da tabarmi, jama'a su taru su yi ta zuba ƙasa har ta zama babban tudu. An tona tuddai masu kama da haka a Mali da Senegal. Bambancin da aka gani a tuddai 3 na Durɓi shi ne kowane mamaci shi kaɗai yake kwance.

Kariyar doka

Dokar farko da ta kafa tsarin kare kayan tarihi a Najeriya ita ce ta 1953. A ƙarƙashinta aka ayyana Durɓi ta Kusheyi a 1959, shekarar da aka ayyana hasumiyar Gobarau da Gidan Makama, lokacin Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihin Jos, yana shugabantar sashen kayan tarihi. Sanarwar ta ambaci manyan tuddai 3 da ƙanana 2, da tsohuwar kukar nan da ake kira Kukar Katsi, har da gurbin da Kukar Kumayau ta taɓa tsayawa. Wato tun a 1959 bishiyar ta riga ta faɗi, amma aka ga wurin da ta tsaya ma ya cancanci a kare shi, saboda matsayin da kukokin suke da shi a tsohon addinin Durɓawa. Mai karatu zai kuma lura cewa 3 da 2 sun ba da 5 ne, alhali masu bincike na baya sun ƙirga aƙalla 8.

A 1979 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 77, wadda ta kafa hukumar NCMM, kuma ita ce ke aiki har yanzu. Ta hana kowa tona ƙasa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi. Ta hana fitar da su waje sai da takardar izini. Abin da take kira kayan tarihi ya haɗa da duk abin da aka tono daga ƙasa mai amfani ga binciken kufai, da kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918.

Raunin dokar yana wajen hukunci. Wanda ya lalata wurin tarihi da gangan tararsa Naira 1,000 ce ko ninki biyu na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12. Wanda ya yi cinikin kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba tararsa Naira 2,000 ce ko ninki biyar na darajar kayan, ko ɗaurin shekara 3. A 1979 Naira 1,000 dukiya ce. Yau ba ta sayen tiyar shinkafa. Ita kuma maganar ninkin daraja, wa zai yi wa kabarin ƙarni na 14 kuɗi a gaban alƙali? Ɗaurin ne kaɗai ya rage da sauran haƙori.

Akwai masu ɗari-ɗari da batun gaba ɗaya, suna ganin kula da kushewar waɗanda ba a tabbatar da Musuluncinsu ba tamkar raya tsafi ne. Dokar ba ta nemi kowa ya girmama tudu ko ya kai masa ziyarar neman tabarruki ba. Abin da ta nema shi ne a bar shi yadda yake, kamar yadda ake barin tsohuwar takardar gado a akwati ko da an daina aiki da abin da ke cikinta.

Inda haɗarin yake

Ɓarayin kayan tarihi sun riga sun san hanyar yankin nan. A shekarun 1990 aka yi ta haƙo mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato ana fitar da su ta kan iyaka zuwa kasuwannin Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, wanda ta fitar a 2000. A wannan shekarar ma aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka ga irinsu a gidan tarihin Louvre na Faris, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. A Jamhuriyar Nijar, maƙabartar Bura da ke yankin Tera, wadda aka gano a 1975, Boubé Gado ya tona a 1983, ta zama abin wasoso bayan an nuna kayanta a Faransa. Najeriya da Nijar duka sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin irin waɗannan kaya, amma yarjejeniya ba ta tsayawa a bakin iyaka da kanta.

A nan ne batun ya taɓa gari irin Mai'adua, mai babbar kasuwa da mashigar Kongolam zuwa Nijar. Ɗan kasuwar da aka kawo wa tsohuwar munduwa ko tasa ko kan yumɓu a ce daga gona aka tono, ya saya don ya kai gaba, ya shiga cikin laifin da dokar ta ambata ko da bai san da ita ba. Ribar da zai ci ƙarama ce idan aka gwada da abin da dillalin ƙarshe zai samu, kuma da zarar abin ya rabu da ramin da ya fito ya zama kayan ado kawai, ba ya iya faɗin zamaninsa ko mai shi.

Sai dai mafi yawan ɓarnar ba ta ɓarawo ba ce. Garma tana cin gefen tudu kaɗan-kaɗan kowace damina. Mai gini yana ganin tarin ƙasa a banza ya aiko da tifa. Ana yanka filaye a bayan gari ba tare da an tambayi dattawan unguwa abin da ke ƙarƙashi ba. Manyan ayyuka ma suna buɗe ƙasar da ba a taɓa buɗewa ba: layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, wato ta tsakiyar tsofaffin ƙasashen nan biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duba fili don kayan tarihi aiki ne da ake yi kafin injin ya iso, kuma jami'in filaye ko na ayyuka a ƙaramar hukuma shi ne mutum na farko da zai iya cewa a dakata.

Ga wanda ya ci karo da ƙasusuwa da kayan ado ko tukwane a gona ko wurin gini, dokar ta ba shi kwana 7 ya sanar da hukumar NCMM da sakataren ƙaramar hukumar da abin ya faru, tare da bayanin wurin da yadda aka yi aka gano. Ofishin hukumar a Jihar Katsina yana gidan tarihi na ƙasa da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. A aikace hanya mafi sauƙi ga mutumin karkara ita ce ta mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Kafin jami'ai su zo, kada a ci gaba da tono, kada a wanke abin da ya fito ko a kankare shi, kada a raba shi tsakanin waɗanda suka gani. A ɗauki hoto da waya yadda yake kwance, a mayar da ƙasa a rufe a hankali, a sa alama a wurin.